Mu ke sauke abincin Kurmi, amma me ke shiga cikinmu?

Duk wanda ya san Mile 12 da asuba, ko Shasha da Bodija a Badun, ko kasuwar shanu ta Lokpanta, ya san hannun da ke sauke abincin da Kudu ke ci. Tumatir, tattasai, albasa, wake, gero, shanu da awaki, akasari 'yan uwanmu ne ke lodinsu a Arewa, su ne direbobi, su ne 'yan dako, su ne dillalai. Amma ka bi yaron da ya wuni yana ɗaukar kwandunan tumatir a kai, ka ga abin da ya sa a cikinsa tun safe. Biredi da shayi da hantsi, lemon kwalba da biskit da rana, da dare kuma Indomie a teburin mai shayi, in an samu ciniki a fasa ƙwai ɗaya. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ciki ya cika, ba a ce bai cika ba, amma jiki bai samu abin da yake nema ba.

Kowa zai ce tsada ce, kuma gaskiya ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kuɗin ɗauko kaya daga Kano zuwa Legas, tafiyar da ta kai kilomita dubu, ya tashi, ya ja komai ya tafi da shi. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A wannan shekarar ce babban kwandon tumatir ya wuce naira dubu ɗari a Mile 12, bayan tsutsar nan da ake wa laƙabi da Ebolar tumatir ta yi ɓarna a gonaki. Wake da ake kira abincin talaka ya ninka kuɗinsa fiye da sau biyu cikin shekara guda. A Legas kuma dama an riga an daki aljihun mutanenmu tun Yunin 2022, lokacin da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a wasu manyan ƙananan hukumomi.

Akwai wani lissafi da NBS ke fitarwa wanda ya fi alƙaluman hauhawar farashi amfani ga mai son gane halin da muke ciki. Hukumar kan duba kasuwanni ta ƙididdige mafi ƙarancin kuɗin da baligi ɗaya zai kashe a rana ya ci abinci mai gina jiki, ba na marmari ba, mafi arha daga kowane rukuni. A ƙarshen 2023 kuɗin bai kai naira 800 ba. Zuwa Yunin 2024 ya zama naira 1,241. Ka ninka shi sau talatin, ka ga a lokacin mutum ɗaya na buƙatar sama da naira 37,000 a wata. Miji da mata kaɗai, ba a sa yaro ko ɗaya ba, sun haura naira 70,000 ɗin da aka sa wa hannu a matsayin mafi ƙarancin albashi a Yulin wannan shekarar. Ba haya, ba kuɗin mota, ba gas. Sannan ga abin da ya fi shafarmu: a lissafin na Yunin 2024, Kudu maso Yamma ce ta fi ko'ina tsada, sama da naira 1,500 a rana, yayin da Arewa maso Yamma ba ta kai dubu ɗaya ba. Wato ɗan ci-ranin da ya baro Katsina ya sauka Agege, cikinsa ya ƙara kuɗi da rabi tun kafin ya samu aikin yi.

To an ce abubuwa sun yi sauƙi, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Hatsi ya sauko a 2025, shinkafa da masara da wake duk sun rage, har manoma a gida na kukan ba su mayar da kuɗin taki ba. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150 daga tsakiyar 2024, kaka kuma ta yi kyau a wurare da dama. Sai dai a lura, a farkon 2025 NBS ta sauya ma'aunin da take lissafin hauhawar farashi da shi, shi ya sa adadin ya faɗo daga kusan kashi 35 zuwa kusan 24 a wata guda ba tare da mai shago ya rage maka ko kwabo ba. Kuma saukin da aka samu a buhun hatsi bai taɓa nama, kifi, ƙwai da madara yadda ya taɓa masara ba. Haɗarin da ke nan shi ne, idan tsaba ta yi arha alhali mahaɗi na nan da tsadarsa, talaka zai ƙara tuwo ya rage miya. Yunwar ba za ta fito a fuska ba, sai dai a jinin mace mai ciki da tsawon yaro.

Wannan ba hasashe ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, fiye da rabin mata masu shekarun haihuwa kuma na fama da ƙarancin jini. Tun kafin a cire tallafin mai ke nan.

Abin da lissafin ya ɓoye a ciki

A cikin rahoton na NBS akwai wani bayani da jaridu ba su cika ɗauka ba. Rukunin da ya fi cin kuɗi shi ne abin da ya fito daga dabba, nama da kifi da ƙwai da nono, yana lashe fiye da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin abincin rana. Rukunin da ya fi arha kuwa shi ne dangin wake da gyaɗa da iri-iri. Su ma masu gina jiki ne. A nan ne nake ganin Bahaushe ya fi maƙwabtansa sa'a, in zai waiwaya. Girkinmu na gida dama can an gina shi ne a kan yadda za a rayu ba nama kullum: ɗan wake, garau-garau, ƙosai, alale, awara, ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, daddawa. Haɗa hatsi da wake a kwano ɗaya, kamar yadda ake yi a garau-garau ko koko da ƙosai, yana cike giɓin da kowannensu ke da shi, abin da ɗaya ya rasa ɗayan na da shi. Kakanninmu ba su san sunan sinadaran ba, amma sun san yaron da ke cin haka ba ya kwanciya.

Matsalar wake a Kurmi ba kuɗin derika ko kongo ba ce kaɗai, wuta ce. A ƙauye kara da itace kyauta ne ko kusa da kyauta, a nan kuwa komai sai ka saya, kalanzir ya gagari talaka, tukunyar gas ta kilo 12.5 ta haura naira dubu goma sha biyar a ƙarshen 2024, gawayi ma ya bi sahu. Shi ya sa Indomie ta ci kasuwa: minti biyar ta nuna. Amma wake ma ana iya rage masa shan wuta. A jiƙa shi tun dare, da safe a zubar da ruwan a ɗora, zai nuna cikin kusan rabin lokacin da ya saba, kuma kumburin ciki ya ragu. A dafa na yini biyu a tashi ɗaya, rabi a ci da shinkafa, rabi a yi fate da dankali ko agada. Garin ɗan wake kuwa, in an niƙa an ajiye, bai fi Indomie ɗaukar lokaci ba sosai, ga kuka a cikinsa, ka yanka albasa da kabeji ko kokwamba a kai, ka zuba ɗan mai da yaji. Wanda ya ci wannan da safe zai kai la'asar yana aiki. Mai Indomie kuwa kafin azahar yana neman lemon kwalba.

Waken suya ma an raina shi. Mudu ɗaya zai ba gida awara, ya ba da madara, dusar kuma a zuba a miya ko a kwaɓa da garin tuwo. Matan Sabo da Idi-Araba da suka iya awara sun san ribar da ke ciki, sai dai yawanci ta sayarwa ce, 'ya'yan gidan sai ɓarɓashi.

Inda muka fi yin asara, a ganina, shi ne ganye. Akwai wata ɗabi'a da yawancinmu muka zo da ita, ta kallon kayan miyar mutanen nan a matsayin “nasu”. Mutum ya shekara goma a Fatakwal bai taɓa sa ugu a tukunyarsa ba. Alhali kuwa abin da Allah ya hore wa Kudu ke nan, ganye ɗanye kusan duk shekara, a bakin kowace kasuwa, kuma da damina har ya fi komai arha. Abin dariyar ma, rabinsu namu ne da wani suna. Ewedu ɗin da ake ci da amala, lalo ne. Tete alayyahu ne. Ganyen ɗacin da Inyamurai ke kira onugbu, shuwaka ce da matanmu ke sha bayan haihuwa. Iru daddawa ce, ɗanya kawai. Ugu ne baƙo a wurinmu, kuma ganye ne mai ƙarfe da ke taimakon jini, yana shiga miyar gyaɗa ko taushe kamar dama can don su aka yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu a mako ma ba ma haɗa wannan. Sharaɗin kawai, a wanke ganyen sosai kafin a yanka, a zuba shi a ƙarshe, kada a dafa shi har ya yi baƙi.

Haka manja. Man gyaɗa ya zama na masu hali, amma manja na gari yana ɗauke da sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, mai kare ido da garkuwar jikin yara. Sai dai in aka soya shi har ya yi hayaƙi ya koma fari, an kashe amfanin. Kifi kuma, ba sai titus ba. Shawa, panla da ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙashi sun fi ƙaramar tsokar nama da za a raba wa mutum shida amfani. Cokali biyu na dakakken kirafish a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa zai yi aikin da dunƙule uku ba za su yi ba. Ganda kuwa, wadda a nan ake kira fomo, daɗin tauna ce kawai, abin da take ba jiki kaɗan ne. Kuɗin ganda gara a sayi ƙwai, ko hanta sau ɗaya a mako ga mai shayarwa da yara.

To ka ga dabarar ke nan, in za a kira ta dabara: busassun kaya daga gida, ɗanyu daga nan. Kuka, kuɓewa, kalkashi, busasshen zogale, daddawa, ƙuli-ƙuli, kauɗar tumatir, barkono, ba su da nauyi, ba sa lalacewa da wuri, kuma kusan kowane mako akwai wanda zai taho daga gida ko direban da ka sani. Ƙullin kuka ɗaya zai yi wa gida miyar wata. Ranar da tumatir ya haukace, miyar kuka da ta kuɓewa da ta gyaɗa babu ruwansu da kwandon Mile 12. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli ba ya buƙatar fiye da tafasa ɗaya. Garin kwaki ma, da ake jiƙawa da sikari tsura, in aka kwaɗa shi da ƙuli, albasa, tumatir da ɗan mai, ya tashi daga maganin yunwa ya koma abinci. 'Ya'yan itace kuma a bi lokacinsu: lemu, gwanda, abarba, mangwaro, agwaluma, kowanne akwai watannin da yake zubewa a kasuwa.

Kuɗin da ke zurarewa

Akwai kuma inda kuɗin ke tafiya ba mu sani ba. Lemon kwalba na roba ɗaya yana ɗauke da sikari kimanin cokalin shayi goma ko fiye. Ɗan dako ko mai tura baro da ke shan biyu a rana, ga na ƙara kuzari da yamma, ga shayin da aka zuba wa sikari har cokali ya tsaya, ya lissafa abin da ya kashe a mako, zai ga ya isa sayen derikar wake da kifi. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha tun dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta hana kowa sha ba. Sai dunƙule. Kusan rabin nauyinsa gishiri ne, ga gishirin da aka zuba daban, ga ƙullin da ke cikin ledar Indomie. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a kai giram 5 na gishiri a rana, bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Hawan jini ba ya sallama, kuma duk unguwar Hausawa a Kurmi an san labarin wani da ya yanke jiki ya faɗi a wurin sana'a, aka yi karo-karo aka sa shi a mota zuwa gida. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: shan shayi a kan abinci yana rage yawan ƙarfen da jiki ke tsotsa daga wake da ganye. A ba shi tazarar awa guda, a maye gurbinsa da ɓarin lemu, shi yana ƙara tsotsar ne.

Duk wannan magana ta mai tukunya ce. Kaso mai yawa na mutanenmu a nan gwauraye ne ko waɗanda suka baro iyali a gida, suna kwana a shago, a rumfa, a barandar masallaci, ko su takwas a ɗaki ɗaya. Gaya wa irin wannan mutum ya jiƙa wake tun dare kamar zolaya ce. Ba shi da murhu, ba shi da wurin ajiya, kuma duk abin da ya samu rabinsa na waɗanda ke jira a gida ne. Sau da yawa da gangan yake danne cikinsa don kuɗin da zai tura ya yi auki. Ga irin waɗannan, mafita ba ta mutum ɗaya ba ce. Waɗanda suka haɗa kai su biyar ko shida suka sayi risho ko ƙaramar tukunyar gas, suna karɓa-karɓar girkin dare, sun san abin da kowannensu ke kashewa bai kai na teburin mai shayi ba. Inda hakan ba zai yiwu ba, ko a wurin saye akwai zaɓi. Wake da biredi na masu ewa agoyin, tuwo da miyar kuka na matan unguwa, koko da ƙosai, fura da nono, dafaffen ƙwai da ayaba da gyaɗa, duk sun fi biskit da lemo a kuɗi kusan ɗaya.

Magidanta kuma, sayen ƙulli-ƙulli ne ke cinye su. Wanda ke sayen gwangwani ɗaya kullum yana biyan ribar mutum uku. Matan da suka iya adashen biki da na kayan ɗaki za su iya adashen buhu: gida biyar su haɗa su sayi buhun wake ko masara lokacin kaka, a raba da fenti. Abin mamaki, mu da dillalan ke cikinmu, mu ne ba mu cika yin haka ba, alhali ma'aikatan ofisoshi a Legas sun daɗe suna haɗa kuɗi su zo Mile 12 su sayi buhu a hannunmu su raba. Gwamnatin Legas ta buɗe kasuwannin rangwame na Ounje Eko a Maris ɗin 2024, ana rage kashi 25 cikin ɗari a ranakun Lahadi, amma irin wannan shiri na ɗan lokaci ne, kuma labarinsa ba ya isa ga wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci sai an gama. Nan ne sarakunan Hausawa, shugabannin kasuwa da limamai ke da aikin da ya wuce sasanta rigima da karɓar 'yan siyasa. Sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a za ta kai inda rediyo bai kai ba.

Yara ƙanana su ne ba sa iya jira farashi ya sauko. Daga wata shida zuwa shekara biyu, abin da yaro ya rasa da wuya ya mayar da shi. Kokon masara tsararo da sikari ba abinci ba ne ga mai wannan shekaru. A soya gero ko dawa, da waken suya da gyaɗa, a sa ɗan kirafish, a niƙa tare, shi ne garin da ma'aikatan asibiti ke kira Tom Brown, ana dama shi da kauri a ɗiga manja. Bai kai rabin kuɗin abincin gwangwani ba.

Arha kuma tana da iyaka. Fasasshen tumatir da ake tarawa gefe, wanda Yarbawa ke kira esha, shi ne talaka ke rububi idan kaya sun yi tsada. Wanda ya fashe kawai a hanya ba laifi in an wanke an dafa a ranar, amma wanda ya yi fumfuna ko ya fara wari, tafasa ba ta kashe duk gubar da ke cikinsa. Haka gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, gubarsu hanta take nema, kuma laimar Kudu na sa abin da zai shekara lafiya a Sakkwato ya lalace cikin makonni a Warri. A riƙa shanyawa, a ajiye a roba mai murfi, kada a tara fiye da abin da za a ci. Manjan da ja ɗinsa ya yi yawa har yana rina hannu, a yi hattara, NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu zuba masa rini.

Sai maganar da ta fi nauyi, domin ta shafi namu. Zuba Sniper a buhun wake don kashe ƙwari. Saboda irin wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a shaguna. Masu sayar da wake a kasuwannin Kudu, mafi yawansu mu ne, kuma daga buhun da aka fesa ɗin ne ake auna wa matar maƙwabci da mai ƙosan bakin masallaci. Akwai buhunan PICS masu leda biyu a ciki, da ke kashe ƙwarin ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba, ana samunsu a wurin masu kayan noma, kuma buhu ɗaya na yin fiye da kaka guda in ba a huda shi ba. Mai saye a gida shi ma zai iya zuba wakensa a jarka busasshiya ya toshe bakin da kyau. In kuma ka buɗe wake ka ji warin magani ya bugi hancinka, ka mayar wa mai shi, ko da ɗan garinku ne.